Yadda Ake Aiki da Tarakta da Iskar Gas ta Kashin Shanu

Tun da dizal ya yi tashin gwauron zabo a 2022, masu tarakta daga Zariya har Giwa, Soba da Maƙarfi suke kuka ɗaya: kaso mai tsoka na kuɗin aikin da aka karɓa a gidan mai yake ƙarewa. Alhali a wannan yanki namu kashin shanu da na kaji ba abin nema ba ne. Iskar da ke fita idan kashin ya ruɓe a rufe, wadda ake kira bayogas, tana iya ɗauke wa injin dizal fiye da rabin man da yake sha. Na sha haɗa wannan aiki, kuma abin da nake fara gaya wa duk wanda ya zo da zumuɗi shi ne: ka fara da aikin da tarakta ke yi a tsaye, kamar casar masara, niƙa da jan ruwa. Maganar huɗa da haro da wannan iska tana can gaba, zan zo kanta a ƙarshe.

Abu biyu kawai ya kamata ka sani kafin ka taɓa sufana. Na farko, iskar ba ta kama wuta da kanta a cikin injin dizal, domin matsin fistin bai isa ya kunna ta ba. Dole a bar dizal kaɗan yana fesowa daga nozul, shi ke kyasta wutar, iskar ta ci. Saboda haka ba cire dizal za mu yi ba, rage shi za mu yi. Na biyu, iskar gauraye take. Wajen kashi 60 cikin 100 metan ne, shi ne mai cin wuta. Mafi yawan saura kabon dayoksaid ne, wanda ba ya ƙonewa. Sai tururin ruwa, da wata 'yar iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, haidirojin salfaid. Wannan ta ƙarshe ita ce maƙiyiyar inji.

Kayan da za ka tanada

- Rijiyar ruɓar da kashi, wato dijesta, ginanniya ko ta tankin roba
- Jakar ajiyar iska ta leda mai kauri irin ta tamfol, da tsofaffin tayoyi biyu ko uku na dannewa
- Bututun roba na inci 1, da tiyo mai kauri na inci 1 wanda zai kai wurin tarakta
- Bawul na roba irin na juyi ɗaya guda uku, da bawul ɗaya mai zare, wanda ake buɗewa a hankali
- Bututun roba mai faɗin inci 4 ko 6, tsawon mita 1, da murafe biyu masu zare, domin matata
- Soson ƙarfe mai yawa, ko tarkacen ƙarfe daga wurin masu injin dire, da dusar katako mai kauri
- Guntun bututun ƙarfe da raga mai ƙananan ido, domin tare wuta
- Kilif-kilif na ɗaure tiyo, gam na bututu, zaren tef na famfo
- Siririn tiyo mai haske mita 2 da katako, domin awon ƙarfin iska
- Gora mai awon lita, ruwan sabulu, da abin kashe gobara

Kusan duk wannan za ka same shi wurin masu kayan famfo a kasuwar Sabon Gari. Jakar ce kawai take wuyar samu. Idan ba ta samu ba, manyan tub na tayar tarakta ko na tirela suna riƙe iska, sai dai abin da suke ɗauka kaɗan ne, sun fi dacewa da ƙaramin inji. Kana kuma buƙatar mai walda, da bakaniken dizal wanda ya san famfon mai da gaske.

1. Yi lissafi kafin ka haƙa rami

Nan ne mutane da yawa ke yaudarar kansu, don haka zan daɗe a kai. Kilo 1 na ɗanyen kashin shanu yana ba da lita 30 zuwa 40 na iska. Kubik mita 1, wato lita 1,000 ko cikin durom biyar, yana tsayawa a madadin ɗan abin da ya haura rabin litar dizal.

Mu ɗauka kana samun kilo 200 na kashi kullum. Za ka samu kubik mita 7 ko kusa da haka a rana, daidai da dizal lita 4. Yanzu a ce taraktarka tana shan lita 5 a awa idan tana juya injin casa, kuma kana so iska ta ɗauki kashi 70 cikin 100. Za ta ci kubik mita 6 zuwa 7 a awa. Ka ga ke nan iskar yini guda aikin awa ɗaya ce. Idan ka tara ta kwana uku, ka samu aikin awa uku.

Kilo 200 ɗin kuma ba wasa ba ne. Bijimin da ke turke yana iya ba da kilo 10 a rana, to kana maganar shanu 20. Idan shanun kiwo ne da ke wuni a daji, abin da suka zubar da dare kawai za ka kwasa, sai ka ninka adadin. Wanda ba shi da garke sai ya yi yarjejeniya da ruga ta kusa, ko masu kiwon turke, ko mahauta irin ta Zango, kuma ya sa kuɗin ɗauko kashin a cikin lissafi tun farko.

Idan lissafinka bai kai ba, kada ka fasa. Injin dizal mai fistin ɗaya na niƙa ko na ban-ruwa a fadamar Galma bai wuce ya sha lita 1 a awa ba. Iskar da tarakta za ta lashe cikin awa ɗaya, shi za ta riƙe shi wuni. Duk matakan da ke ƙasa haka suke a kansa, sai dai a rage girman bututu. A ganina ma da shi ya kamata kowa ya koyi hannu.

2. Ciyar da dijesta

Girman rijiyar ana samunsa ne ta ninka kunun kashi na kullum sau kwanakin da zai yi a ciki. Ana dama kashi da ruwa daidai wa daida, bokiti ɗaya na wannan, bokiti ɗaya na wancan. Kilo 200 da ruwa lita 200 sun zama lita 400. Sau kwana 40, kubik mita 16 ke nan, ban da sararin da iska za ta taru a sama. Ginin irin wannan rijiya aikin magini ne da ya taɓa yi, domin tsaga ɗaya siririya a rufin ta isa ta zubar da iskar duka.

A cikawar farko ka nemi abin cikin tumbin shanu daga mahauta, ko kunu daga wata rijiyar da ke aiki, ka haɗa. Yana sa ta tashi da wuri. Ka dama a wani ɗan kwarami a waje, ka bar yashi ya kwanta, ka tsame kara da ciyawa, sannan ka sake shi ciki. Yashi yana cike gindin rijiya, kara kuma yana tasowa sama ya yi ɓawon da ke hana iska fita. Busasshen kashi ba ya ba da abin kirki. Kashin kaji yana da iska sosai, amma shi kaɗai yana da ƙarfi, kuma ya fi kawo mai warin ƙwan nan. Ka sa shi kashi ɗaya, na shanu kashi uku, kuma ka guji wanda ya cakuɗe da dusar katako. Ruwan sabulu, ruwan wankin ɗakin kaji mai magani, da kashin dabbar da ake yi wa allurar kashe ƙwayoyin cuta, duk kada su shiga.

Ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da kashin sun fi son zafin digiri 35. A watan Afrilu rijiya za ta yi ta cika jaka, amma da hunturu ya kankama a Disamba da Janairu za ka ga ta ja baya, ga shi kuwa lokacin ne casa ta fi yawa. Ka lulluɓe samanta da kara ko buhunan ƙaiƙayi, ka shanya ruwan damu a rana cikin baƙin durom, ka yi ciyarwa da azahar maimakon asuba.

Iskar da ta fara fitowa a makonnin farko ba ta inji ba ce. Ka sake ta a fili sau biyu ko uku, nesa da wuta. Bayan haka ka gwada a kan murhun gas. Idan ta ba da harshe shuɗi wanda ba ya tsalle daga bakin murhu, ta nuna.

3. Raba iska da ruwa

Iskar tana fitowa da ɗumi da laima, tana shiga bututu sai ta yi raɓa. Ka shimfiɗa bututun da ɗan gangare, kamar santimita 1 a kowace mita. A wurin da ya fi ƙasa ka sa mahaɗa mai kai uku, ƙafarta tana kallon ƙasa, da bawul a ƙarshe. Kowace safiya ka buɗe, ruwan ya tsiyaye, ka rufe. Idan ka ji bututu yana ƙugi, ko awon iska yana rawa sama da ƙasa, ruwa ne ya taru a wani lanƙwaso.

4. Haɗa matatar iska mai wari

Kada ka tsallake wannan mataki ko da iskar tana ci lafiya a kicin. Haidirojin salfaid idan ya ƙone ya haɗu da laima, asid yake zama. Yana sauka cikin baƙin mai, ya ci metal, wato ƙarafan da karanshaf ke juyawa a kansu, ya ci bawul, ya huda salansa. Ba a ganin ɓarnar a mako ɗaya. Sai bayan watanni inji ya fara ƙwanƙwasa, a ce ai gas ne ba shi da kyau.

Tsatsa ce maganinta. Ka wanke soson ƙarfen ko tarkacen dire da ruwan zafi da sabulu har maiƙon ya fita, ka yayyafa masa ruwa, ka baza a inuwa kwana uku ko huɗu sai ya yi jawur. Ka cakuɗa shi da dusar katako mai kauri domin kada ya dunƙule, ka cika faffaɗan bututun ba tare da dannawa ba, ka sa raga sama da ƙasa. A tsaye ake kafa shi, iska ta shiga ta ƙasa ta fita ta sama. Ga tarakta na fi son guda biyu a jere.

Ga yadda za ka san ko tana aiki. Ka fere guntuwar wayar wuta har jan ƙarfen ya fito yana sheƙi, ka riƙe ta a bakin iskar da ta wuce matata na 'yan mintoci. Idan ta dushe ta yi baƙi, matata ta gaji. Da ka buɗe za ka tarar da jan nan ya koma baƙi ƙirin tun daga ƙasa, yana hawa sama. A nan sai ka yi hattara: wannan baƙin abu idan ya sha iskar waje zafi yake ɗauka, har yana iya kunna dusar katakon. Ka fitar da shi a fili, ka jiƙa shi, ka baza a kan ƙasa ko siminti, nesa da kara. Zai sake komawa ja, ka mayar. Bayan 'yan zagaye sai ka canza sabo.

Shi wannan wari guba ne ga mutum ma. Idan ya yi yawa hanci yana daina jin sa, mutum ya ɗauka ya wuce. Kada kowa ya shiga rijiyar ko ya zura kai ciki, ko da an kwashe ta. Ka faɗa wa yaran aiki wannan da babbar murya.

5. Kafa jaka, awo da matarin wuta

Jakar tana zuwa ne bayan matata, a ƙarƙashin rumfa, a kan yashi mai laushi da aka tsince ƙaya da duwatsu. Rana tana cin leda, ɓera da awaki kuma sun fi rana sauri, don haka ka kewaye wurin da waya. Idan za a yi aiki sai a ɗora tayoyin a kai su riƙa turo iskar.

Siririn tiyon nan mai haske ka lanƙwasa shi kamar harafin U a jikin katako, ka zuba ruwa rabi, baki ɗaya a jikin bututu, ɗaya a buɗe. Bambancin santimita 5 zuwa 10 tsakanin ruwan ɓangarorin biyu ya wadatar, domin injin da kansa yake zuƙa.

Kusa da tarakta, kamar taku biyu, ka sa guntun bututun ƙarfen da aka cusa wa raga ninki da yawa. Idan wuta ta taɓa komowa ta baya, a nan za ta mutu kafin ta kai jaka. Daga nan ka bi kowace mahaɗa da ruwan sabulu. Inda ka ga kumfa tana kumbura a gefen kilif kamar ƙwan kwaɗo, akwai yoyo. Ba a neman yoyo da ashana. Metan yana fashewa idan ya kai kashi 5 zuwa 15 cikin 100 na iskar ɗaki, shi ya sa duk wannan aiki a sarari ake yin sa, ba a cikin gareji a rufe ba.

6. Buɗe wa iska ƙofa a jikin inji

Taraktar da ta dace ita ce mai famfon mai na gargajiya, marar turbo, irin tsohuwar Massey Ferguson 375 da ta cika garuruwanmu. Sababbin da kwamfuta ke sarrafa fesa mansu ka ƙyale su.

Tsakanin iyakilina, wato matatar iskar da inji ke shaƙa, da manifol, wanda ke raba iskar ga silinda, akwai tiyo ko bututun da iska ke bi. Ka cire shi gaba ɗaya ka kai wa mai walda, kada a yi huji yana jikin inji, domin ɓarɓashin ƙarfe ɗaya ya isa ya kwarzane silinda. A yanka guntun bututun ƙarfe mai faɗi daidai da na asali, tsawon kamar taƙi ɗaya, a huda gefensa, a zura bututun inci 1 har tsakiya. Bakin da ke ciki a yanke shi a karkace, yankan yana kallon inji. Haka iskar da ke wucewa za ta riƙa jan gas ɗin, su gauraya kafin su rabu zuwa silinda huɗun. Idan ka sa shi dab da manifol, silinda ɗaya za ta sha fiye da sauran, inji ya riƙa ɗingishi. A wanke walda tas kafin a mayar.

A waje ka jera bawul biyu: na juyi ɗaya domin rufewar gaggawa, da mai zare domin saiti. Su kasance inda hannu zai kai ba tare da an ratsa kusa da shaf ɗin baya mai juya injin casa ba. Ga ƙaramin inji, bututun rabin inci ya isa. Famfon mai da lokacin fesawa kuwa ka bar su yadda suke. Akwai masu ɗan gaggauta fesawar saboda iskar tana ci a hankali, amma wannan sai an saba, kuma aikin mai famfo ne.

7. Tayarwa, aiki da kashewa

Bawul duka a rufe, ka tayar da dizal zalla. Ka bar inji ya yi ɗumi minti 5 zuwa 10. Ka ja totur na hannu zuwa alamar da shaf ɗin baya ke juyi 540 a minti, ka sa injin casa, a fara zuba masara. Sai inji ya ɗauki nauyi sannan za ka buɗe bawul na gaggawa, ka fara murɗa mai zaren kaɗan-kaɗan.

Kunnenka ne ma'auni a nan. Za ka ji gudu ya ɗan ɗaga, sannan ya koma daidai, domin gwamnan famfo, wato na'urar da ke daidaita gudun inji, ya ji ƙarin ƙarfi ya rage dizal da kansa. Ƙarar nan mai kaifi ta dizal za ta yi laushi, hayaƙin salansa ya washe. Ka ƙara murɗawa, ka jira, ka ƙara. Za ka kai inda inji zai fara sarƙewa, ko gudunsa ya riƙa hawa da sauka, ko ya hau bai dawo ba. Ka wuce iyaka ke nan. Ka koma baya rabin juyi, ka yi wa wurin alama da fenti.

Babban haɗarin yana nan: gwamna dizal kaɗai yake iya ragewa, ba shi da iko a kan gas. Idan masu zuba masara suka tsaya, ko bel ya tsinke, nauyi ya sauka farat ɗaya, inji zai iya kwasa da gudu fiye da ƙima, kuma jan abin kashewa ba lallai ya tsayar da shi nan take ba. Dole mutum ɗaya ya tsaya kusa da bawul muddin ana aiki. Kafin a tsaya shan ruwa ko a canza buhu, a rufe gas tukuna.

Kada kwaɗayi ya sa ka matse dizal har ƙasa da kashi 20 zuwa 30 cikin 100. Man da ke ratsa nozul shi ke sanyaya shi. Idan ya yi kaɗan, bakin nozul yana ƙonewa ya toshe, abin da ka tara a mai ya tafi wurin mai famfo. Haka kuma ba a ba inji gas yana silo ko yana ɗan aiki marar nauyi, yawancinsa ta salansa zai fice bai ƙone ba.

Wurin kashewa, ka rufe gas, ka bar inji minti 5 a kan dizal ya wanke cikinsa, sannan ka kashe, ka cire tiyo, ka toshe bakin da murfi saboda ƙura.

8. Auna ribar, kula da inji

Kada ka dogara da ƙiyasi. Ka cika tanki har wuya, ka yi casa awa ɗaya da dizal zalla, ka sake cikawa da gora mai awo, ka rubuta. Washegari ka maimaita da gas a kan irin aikin. Bambancin shi ne ribarka ta gaskiya.

Baƙin mai ka riƙa canza shi a rabin lokacin da ka saba har sai ka tabbatar matatarka tana aiki. Ka sa ido a kan allurar zafi, ka kakkaɓe ƙaiƙayi daga lagireto kullum, a duba nozul kowace awa 500 na aiki. Kunun da ke fitowa daga bayan rijiya kuma kada a bar shi ya malale a banza, taki ne mai kyau ga masara da kayan lambu, kuma ba ya da wari irin na ɗanyen kashi.

9. Idan kana so tarakta ta shiga gona da iskar

Hanya mai sauƙi ita ce a ɗaure jaka a kan tirela ko a kan firam a saman tarakta. Jakar kubik mita 10 ba ta wuce aikin awa ɗaya da rabi ba, ga girma, ga reshe da ƙaya. Tana da amfani idan za ka kai iska masussuka da ke nesa da gida, ka ajiye ta a gefe ka yi aiki a tsaye. Ga huɗa ba ta biya.

Akwai masu ɗura iskar cikin tukunyar gas ta girki da kwamfiresan firji. Kada ka bi su. Gas ɗin girki ruwa yake zama idan an matse shi, shi ya sa tukunya ke ɗaukar da yawa. Metan ba ya zama ruwa a zafin duniyarmu komai matsi. Tukunyar kilo 12.5 da aka ɗura wa bayogas ba za ta riƙe abin da ya kai kwatan litar dizal ba, kuma laima da iska mai wari za su riƙa cin ta daga ciki inda ido ba ya gani.

Hanyar gaskiya ita ce a wanke iskar da ruwa a ƙarƙashin matsi har kabon dayoksaid ya fita, metan ya haura kashi 90 cikin 100, a busar da ita, a matse ta zuwa matsin ba 200, wato kusan ninki 200 na matsin iskar sarari, cikin tukwanen CNG, wato matsattsen gas na mota, irin waɗanda aka fara sa wa motoci da Keke a ƙasar nan tun bayan cire tallafin fetur a 2023. Tukunya mai cin lita 60 a wannan matsi tana riƙe abin da ya kai dizal lita 12 ko fiye. Da irin wannan iska taraktar New Holland T6 mai amfani da metan take aiki a Turai. Amma kwamfiresan da ke kai matsin ba 200 da na'urar wankin sun fi ƙarfin manomi ɗaya, kuma ba aikin mai walda na bakin titi ba ne. Abu ne na ƙungiyar manoma ko babbar gonar kiwo mai ɗaruruwan shanu, tare da injiniya. Ƙungiyar da ta kai wannan matsayi ta fara da rubuta yawan iskar da rijiyarta ke bayarwa kullum na tsawon shekara guda, da zafi da hunturu, sannan ta ɗauki littafin ta nufi sashen injiniyan aikin gona na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ko cibiyar binciken dabbobi ta Shika, a duba mata ko adadin ya isa a sayi kwamfiresa.